Hannun Sau-Ɗaya

Kujeru uku ne a ɗakin ɗibar jini na asibitin, amma kusan layi ɗaya ake yi. Duk wanda ya taɓa zuwa sau biyu ya san kujerar da ke jikin taga ita ce ta Sau-Ɗaya, kuma gara masa ya share awa guda a kan benci yana jiranta da ya miƙa hannunsa wani ya yi ta laluben jijiya kamar mai neman ashana a duhu. Sunan nan ba iyayenta suka raɗa mata ba, marasa lafiya ne. Shekara goma sha tara tana aikin, kuma ko jariri aka kawo mata, ko tsohon da fatarsa ta saki, ko mai ƙibar da jijiyarsa ta shige ciki ta ɓuya, sau ɗaya take soka allura jini ya biyo.

Masu koyon aiki sukan tsaya a bayanta su zuba wa yatsunta ido, a zatonsu nan sirrin yake. Alhali a bakinta yake. Ba ta taɓa ce wa mutum ba zai ji zafi ba. In ta ɗaure masa dantse da igiyar roba, ta goge wurin da auduga, sai ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Zai yi zafi. Ba da yawa ba, amma zai yi. In kuka ya zo yi abinka, hannun ne dai kada ka motsa." Yara sukan ware murya su cika ɗakin da ihu, hannu kuwa yana nan a ajiye. Ƙarti masu gemu su yi dariyar borin kunya su kau da kai, kafin su juyo har ta manna filasta. Ta sha gaya wa masu koyo cewa wanda aka yi wa ƙarya shi ke fizge hannu, domin zafin ya same shi bai shirya ba.

Ba a makaranta ta koyo maganar ba. Mahaifiyarta tela ce, kuma a ɗakin ɗinkinta, tana 'yar shekara shida, ta taɓa taka karyayyar allura ta shige mata a tafin ƙafa. Umma ta ɗora ta a cinya, ta ɗauko hantsaki, ta ce, "Auta, zai yi zafi. Yi kukanki, amma kada ki motsa ƙafar nan." Ta yi kukan har da majina, ƙafar ba ta motsa ba, aka ciro allurar. A gida Auta ake ce mata har yau, ko da yake furfura ta fara leƙowa a gefen kanta.

Yanzu wata biyu ke nan da rasuwar Umma.

Kwana huɗu kacal Sau-Ɗaya ta yi a gida ta koma bakin aiki. Ita ta karɓi masu gaisuwa, ita ta lallashi yayyenta maza biyu da suka zo daga nesa suka yi ta kuka, ita ta raka su tasha, kuma babu wanda ya ga ɗigon hawaye a idonta. Aka yi ta yaba mata. "Kai, wannan baiwar Allah akwai dauriya." Mutane dai suna son mai rashin da ba ya ba su aikin lallashi, sai su sa masa suna jarumi su kama gabansu. Ita ma ta karɓi yabon ta yafa, ta ɗauka shi ke nan ta haye.

A mako na uku aka kawo mata wata tsohuwa, siririya, mai hannu duk jijiyoyi a fili, irin hannun da ko mai koyo ba zai kuskure ba. Ta ɗaure, ta goge, ta ɗaga allura, sai ta ji bakinta ya ƙi buɗewa. Ta soka ba tare da ta ce komai ba. Jini bai zo ba. Ta zare, ta sake, tsohuwar ta zabura, wurin ya kumbura ya yi shuɗi. Sai da abokiyar aikinta ta kujerar tsakiya ta taso ta karɓa. Ranar kowa ya ce ai ko gwani yakan yi tuntuɓe.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Bayan kwana biyu aka sake, wata tsohuwar ce kuma. Sai abin ya zama duk sanda ta hango farin gashi a ƙarƙashin ɗankwali a kan benci, tafin hannunta ya jiƙe da gumi a cikin safar roba, yatsun su kama wata 'yar rawa da ba kowa zai gani ba sai wanda ya san su a da. Ta fara dabara: in layi ya kusa kawowa kan tsohuwa sai ta tashi ɗauko auduga, ko ta ce za ta kewaya. Daga baya rawar ta daina zaɓe, ta taɓa samari, ta taɓa mata masu ciki. Maganar nan tata kuwa ta ɗauke gaba ɗaya, ta koma soka allura shiru kamar kowa. Layin taga ya fara raguwa, kuma tana gani.

Ranar wata Laraba shugabar ɗakin, wadda kowa ke kira Babbar Sista, ta kira ta ofis bayan an tashi. Mace ce mai faɗa amma ba ta da mugunta, kuma ita ta koya wa Sau-Ɗaya riƙon sirinji tun tana sabuwar zuwa.

"Zauna," in ji Babbar Sista. "Mutum bakwai a mako biyu. Na ƙirga."

"Na sani, Sista."

"Me ke damunki?"

"Gajiya ce."

"Gajiya?" Babbar Sista ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur. "Ni ban taɓa ganin gajiyar da ke tsallake yara ta faɗa kan tsofaffi ba. Wanzami dai ba ya son jarfa. Ke ce ke tsare mutane ki ce su faɗi inda ke musu ciwo, yau an tambaye ki kin ce gajiya."

Sau-Ɗaya ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta.

"Ki tafi gida, kada in gan ki sai Litinin. Ranar zan tsaya a bayanki. In hannun ya dawo, alhamdu lillahi. In bai dawo ba zan mai da ke ɗakin kati. Ba horo ba ne, kin ji ko? Hannun mutane amana ne a wurinmu, ba zan bari a yi ta huda su don ina jin nauyinki ba."

Ɗakin kati yana can ƙarshen baranda, ba taga, daga kantoci sai fayil-fayil masu ƙura. Nan ake kai wanda ƙarfinsa ya ƙare ya jira ritaya. Ta fito daga ofishin, tsoro ya kama ta sosai, domin in aka raba ta da kujerar nan ba ta san ko ita wace ce ba.

Abin da ba ta gaya wa Babbar Sista ba, ba ta kuma gaya wa mijinta ba duk da tambayar da yake yi mata kullum, shi ne wannan. Sanda Umma ta fara rama, ita da kanta ta kawo ta asibiti ta ɗebi jininta. Sakamako ya fito, aka yi hoto, likita ya kira ta gefe a matsayinta na 'yar gida ya ce ciwon daji ne, ya riga ya yaɗu, abin da ya rage sai rage raɗaɗi da jiran lokaci. Ya ce a sake ɗibar jini don a tabbatar da wasu abubuwa, sannan a zaunar da mai ciwon a gaya mata. Sau-Ɗaya ta roƙe shi ya bar mata wannan, ita za ta faɗa.

Washegari Umma ta zauna a kujerar taga, ta naɗe hannun riga, ta dubi 'yarta da murmushin tsokana. "To, malamar asibiti, zai yi zafi?"

Sai Sau-Ɗaya ta ji bakinta ya ce, "Ba zai yi zafi ba, Umma."

Daga nan ƙarya ta haifi 'yar'uwarta. Jini ne ya yi ƙasa. Ƙwayoyin nan na ƙarin jini ne. Nan da wata biyu za ki miƙe. Wata uku da rabi tana faɗin haka, tana cewa gobe zan gaya mata, har goben ta ƙare. A ganinta ta sace wa uwarta mutuwarta ne, ta hana ta shiri, ta hana ta sallama da 'ya'yanta, ita da ta yi suna a kan faɗa wa baƙi gaskiya. Wannan abu ya tsaya mata a ƙirji, ba ya haɗiyuwa ba ya fitowa. Kuka ma gani take ba ta cancance shi ba.

Ranar Alhamis da hantsi ta tafi gidan mahaifinta. Tun rasuwar kullum sai ta je, amma irin zuwan da ba a zama. Takan shigo da leda biyu, ta share tsakar gida, ta auna masa hawan jini, ta jera masa magunguna, ta duba agogo, ta ce ta makara. Baba tsohon direban bas ne, shekara talatin yana kan hanya kafin idonsa ya raunana ya ajiye. Mutum ne mai barkwanci, amma tun da matarsa ta tafi barkwancin ya koma kaɗan-kaɗan.

Ta same shi a baranda a kan kujerarsa ta roba, da riga a cinya.

"Sannu da gida, Baba. Ka karya?"

"Na karya, Auta. Yau ba aiki?"

"An ba ni hutu."

"Ikon Allah. Asibitin zai rushe ke nan."

Ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki tsintsiya ta share inda ta share jiya, ta wanke kofi biyu da ta tarar, ta ɗauko abin awo ta naɗa masa a dantse. Awon ya yi kyau. Ta tsaya tana waige-waige, ba sauran abin yi kuma ba inda za ta ce ta makara. Sai idonta ya kai kan rigar.

"Maɓalli ne ya cire? Kawo in ɗinka maka."

"Bar shi, ni zan yi. Shiga ɗakin ɗinki, kan keken akwai gwangwanin biskit, miƙo min."

Tun rasuwar ba ta taka ɗakin ba. Ta tura ƙofa. Keken ɗinkin yana nan a lulluɓe da zanensa, almakashi a rataye a ƙusa, tef ɗin awo a naɗe, ƙanshin man keke da na sabon yadi bai gama fita ba. Ta ɗauki gwangwanin da sauri ta fito, ta buɗe don ta zaro masa allura.

A ciki akwai wani ƙyalle mai kauri a ninke. Da ta warware shi sai ta ga allurai a jere, an soke su ɗaya bayan ɗaya, kowace da zarenta a ciki, an ja shi daidai tsawon kamu biyu, an ƙulla bakinsa, an naɗe shi a jikin ƙyallen don kada ya harɗe. Farin zare, baƙi, shuɗi, ruwan toka. Ta ƙirga ba da niyya ba: ashirin da shida, da gurbi huɗu da babu komai. A gefe ga 'yan ƙullin leda, kowane da maɓallai irin na riga ɗaya. Ƙullin zaren ta san shi, irin na Umma ne, mai zagaye biyu.

"Baba, mene ne wannan?"

"Allurai. Kin san idona ba ya ganin kafar allura. Ummanki ta ce in dai an zura min zare, sauran ba wuya." Ya miƙo hannu. "Ba ni mai farin."

Ba ta ba shi ba. Wanda ke sa ran miƙewa nan da wata biyu ba ya zama ya zura zare a allura talatin. Ta zauna a kan dakalin baranda, karo na farko cikin wata biyu.

"Yaushe ta yi wannan?"

"Ta fara washegarin ranar da kika ɗebi jininta na biyu. Kullum biyu ko uku, in hannun ya yarda. Ta koya min kunna risho ba tare da na ƙone gira ba. Ta nuna min inda takardun gida suke. Yayyenki ma ta kira su ɗaya bayan ɗaya, kowa ta yi masa tasa maganar, su dai ba su gane sallama ba ce."

"Wa ya gaya mata? Likita?"

"Ke kika gaya mata."

"Ni? Wallahi Baba ban taɓa..."

"Da muka dawo gida ranar, ta zauna nan inda kike zaune. Ta ce min, 'Malam, tafiya ta zo.' Na ce wace irin magana ce wannan, ba ga shi yarinya ta ce jini ne ya yi ƙasa ba? Ta ce, 'Na tambaye ta ko zai yi zafi, ta ce ba zai yi ba. Yarinyar da ko ɗan jariri ba ta yi wa wannan ƙaryar. In ka ji Auta ta ce ba zafi, to abin ya fi ƙarfin bakinta.'"

Wata mota ta wuce a titi da kiɗa, ƙarar ta yi nisa ta ɓace. Sau-Ɗaya ta zauna da ƙyallen a hannu. Ta ɗauka in ta taɓa jin irin wannan labari sauƙi za ta ji. Abin da ya taso mata kuwa fushi ne, mai zafi, har kunnuwanta suna ɗumi.

"Wato kun sani. Ku biyu kun sani, kuka bar ni ina ta zuba kamar mahaukaciya? Ina cewa ƙwayar ƙarin jini ce, tana cewa to, Allah ya yi miki albarka? Wata uku da rabi, Baba! Ina fita waje in cije hannuna don kada ta ji ni, ashe kallona kuke yi!" Muryarta ta ɗaga yadda ba ta taɓa ɗagawa a gaban mahaifinta ba. "Kuma ta tafi, ka bar ni wata biyu ina ɗauke da wannan abu. Me ya hana ka faɗa min?"

Baba bai tsawata mata ba. Ya bari sai da ta kai aya.

"Wa zan faɗa wa? Tsintsiya?" ya ce a hankali. "Kin taɓa zama? Kullum kina shigowa kamar an biyo ki. In na buɗe baki sai ki naɗa min abin awo. Ni kuma, ba zan ɓoye miki ba, tsoro nake ji. Na ga kin tsaya da ƙafarki, na ce kada in taɓa ki ki zube. Ashe ba tsayuwa ba ce."

"Ita fa? Me ya sa ba ta ce min ta gane ba?"

"Na ce mata ta faɗa. Ta ce a'a. Ta ce, 'Ƙaryar nan ba don ni take yi ba, don kanta take yi, ita ce sandar da take dogarawa. In na karɓe yanzu da me za ta yi jinyata?' Ta ce in bar ki sai kin zauna da kanki." Ya dube ta. "Ba ke kaɗai kika yi wasan nan ba, Auta. Mu uku muka yi shi, kowa yana tausayin kowa. Ko daidai muka yi ko kuskure, ni ma har yau ban sani ba."

Ya sake miƙo hannu, wannan karon ta zaro mai farin zaren ta ba shi. Ya ɗora maɓallin a gurbinsa, ya lalubi ramin da ɗan yatsa, ya soka daga ƙasa. Yatsun direba ne, masu kauri, ba su saba da ƙaramin abu ba, amma a hankali yake yi yadda aka koya masa.

"Wannan ta biyar ke nan," ya ce. "Duk wadda na ɗauka sai na yi kuka. Da farko ina jin kunya, namiji da ni, ina kuka a kan maɓalli. Daga baya na ce to wa ke kallona? Sai in yi kukana in ɗinke rigata. Wata rana kewarta ce. Wata rana haushinta nake ji, da ta riga ni. Wata rana kuma tsoro ne, in allurai suka ƙare fa? Na lura in na san wanne ne ya zo, ba ya daɗewa kamar wanda ban san sunansa ba."

Tana kallonsa hawaye suka gangaro masa, suka bi ta cikin furfurar gemunsa suna ɗiga a kan rigar. Bai share ba, bai kuma tsaya ba. Allurar tana shiga tana fita, sau huɗu, sau biyar, ya naɗe zaren a gindin maɓallin, ya ƙulla, ya ciza da haƙori.

"Ke wanne ne naki?" ya tambaye ta.

Ta buɗe baki za ta ce gajiya, kalmar ta ƙi fitowa.

"Kunya," ta ce. "Kunyarta nake ji, Baba. Ita ta koya min faɗin gaskiya, kuma ita kaɗai na kasa faɗa wa." Ta damƙe ƙyallen. "Da haushi. Ina jin haushinta da ta ƙyale ni. Kuma ina so in gan ta. Ina so in gan ta, Baba."

A nan abin ya ɓalle. Ta kifa kanta a gwiwar mahaifinta ta yi kuka irin na 'yar shekara shida, da sheshsheƙa da majina, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta koma. Baba bai ce ta yi haƙuri ba, bai ce ya isa ba. Ya ɗora tafinsa a kanta ya bar shi a nan. Da ta ɗago, rana ta riga ta bar baranda, ya ce ta tashi ta dafa musu shayi, domin nasa har yanzu ruwan zafi ne mai launi.

Kada a ɗauka kuka ɗaya ya wanke komai. Juma'a ta tashi da ciwon kai da kumburarrun idanu. Asabar ta zaunar da mijinta ta ba shi labarin tun daga farko, ta sake yin wani kukan. Lahadi ta koma gidan Baba ba leda ba tsintsiya, suka zauna kawai, rabin zaman ma shiru ne. Kuma duk tsawon kwanakin tsoron Litinin bai bar ta ba, domin ta ɗaga hannunta ta duba ya fi sau goma, ba ta ga alamar ya yi mata alkawarin komai ba.

Litinin da safe ta sa farar rigarta ta zauna a kujerar taga. Ta jera kwalabe, ta yayyaga auduga, ta sa safar hannu. Babbar Sista ta zo ta tsaya a bayanta ta harɗe hannuwa, ba ta ce ko sannu ba. Kuma da yake Babbar Sista ba ta san wasa ba, da kanta ta leƙa benci ta tsallake mutum uku ta kira wata tsohuwa.

Tsohuwar ta shigo tana dogara sanda, ƙarama, da ɗankwali fari da katinta a ƙulle a bakin zane. Ta zauna da ƙyar, ta miƙo hannu. Fatar ta yi laushi, jijiyoyin suna kwance a fili.

Sau-Ɗaya ta ɗaure dantsen, ta goge. Gumi ya tsatso mata a tafin hannu, ta ji rawar nan ta fara daga ɗan yatsa. Da can sai ta cije ta yi kamar ba ta ji ba. Yau ta tsaya, ta ce a ranta: tsoro ne, da kewa. Ta ja numfashi ta sauke.

"'Yar nan," in ji tsohuwar tana kallon allurar, "zai yi zafi?"

Idanunta suka cika, kafin ta yi wani abu hawaye sun zubo a kan farar rigar, a gaban Babbar Sista, a gaban masu koyo biyu da duk wanda ke leƙe daga benci.

"Ikon Allah," in ji tsohuwar. "Ni za a soka, ke ke kuka?"

"Mahaifiyata ce ta rasu, Iya. A kujerar nan take zama."

"Ayya. Allah ya jiƙanta. Yaushe?"

"Wata biyu."

"Ai jiya ne." Tsohuwar ta gyara zama, ta bar hannunta inda yake. "Ba sauri nake ba."

Babbar Sista ta matso taku ɗaya kamar za ta karɓa, sai kuma ta tsaya. Sau-Ɗaya ta goge idanunta da kafaɗa, dama da hagu, har ta ga jijiyar sosai. Hawayen ba su daina ba, amma da ta dubi yatsunta sai ta ga sun tsaya cak. Ta ɗago ta dubi tsohuwar ido cikin ido.

"Zai yi zafi, Iya. Ba da yawa ba, amma zai yi. In kuka ya zo yi abinki, hannun ne dai kada ki motsa."

Ta soka. Jini ya biyo, baƙi-baƙi, ya hau kwalbar a hankali har ya kai layi. Ta kwance igiyar, ta zare allurar, ta danna auduga. A bayanta ta ji takun Babbar Sista yana komawa ofis.

"Kai," in ji tsohuwar tana yamutsa fuska, "ya yi zafi kuwa."

"Ya yi, Iya." Ta kamo ɗan yatsan tsohuwar ta ɗora shi a kan audugar. "Riƙe nan. Zai daina, amma ba yanzu-yanzu ba."